Hoton Baba da Ba a Wanke Ba

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen dogon hutu, ina shekara tara, aka tsayar da babana a jikin bangon bayan gidanmu a unguwar Deptford ta ƙasar Turawa, kusa da mazubin shara, aka ce kada ya motsa. Wanda ya tsayar da shi Don Lalo ne, wani tsoho ɗan ƙasar Meziko da ke zaune a saman flat ɗinmu, wanda Mama ke kira Baban Sama. Ya kafa kyamarar katako mai ƙafa uku wadda na rantse ta girmi kogin Thames, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Ni kuwa ina gefe riƙe da kwandon shanya, na kuwa san abin da ke samun mutanen da ake tsayarwa a gaban wannan akwati.

Na sani ne saboda ni ake aika masa da ƙosai. Ɗakinsa cike yake da akwatunan faifan gilashi da ya gada daga kakansa, wanda ya ɗauki hotunan yaƙin juyin juya halin ƙasarsu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya ce kafin yaƙin, masu hoto manyan mutane kawai suke ɗauka, an zauna an gyara gashin baki. Da aka fara harbe-harbe sai irin su kakansa suka saɓa kyamara suka bi jiragen ƙasa, suna kai wa jaridu abin da suka gani. Yakan ɗaga gilashin a hasken taga in ga sojoji a kan rufin jirgi da manyan malafuna, da mata suna girki a can sama, komai baƙi ya koma fari kamar taron fatalwa. Duk wanda na nuna da yatsa sai ya ce, “Ya mutu.” Na nuna doki, ya ce an cinye shi. Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne wani mutum a jikin bango, babu takalmi, ya rungume malafarsa, yana jiran a harbe shi.

A wannan shekarar ne ’yan bindiga suka matsa wa ƙauyen kakata Hajiya, wadda na ci sunanta, a Zamfara. Baba ya ɗauki hutu daga tuƙin bas don ya je ya ɗauko ta zuwa Kano. Kamar yadda ake yi idan za a yi doguwar tafiya, ya bi mutane yana neman gafara, har da mai sayar mana da nama. Da ya hau sama ya ce wa Don Lalo idan ya taɓa saɓa masa ya yafe, sai tsohon ya dafa ƙofa. “A wurinmu mutum ba ya faɗin haka sai in ya hango kabarinsa,” in ji shi. Baba ya yi dariya, ya yi bayani har bakinsa ya bushe, amma tsoho ya riga ya jawo kyamara, shi kuma Baba ba ya musu da dattijo.

Kafin ya ɗauka ya bar ni na leƙa cikin ƙyallen. Na ga babana kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama, kamar an rataye shi. Ya ce, “Mamana, ya kika gan ni?” Na yi maza na zare kaina daga ƙyallen. Bayan an gama Don Lalo ya gaya mini ƙa’idar kakansa. Hoton sallama ba a wanke shi, ajiyewa ake yi sai an zo nema, masu zuwa nema kuwa matan da mazajensu ba su dawo ba ne. “In mamarki ba ta hawo ba, ba zan taɓa shi ba.”

Baba ya tafi, ya kira daga Kano, daga nan wayarsa ta yi shiru. Mama ta ce matsalar sabis ce, amma ta daina sa gishiri a miya, wata rana kuma ta zuba sau biyu. Ni kuwa na tare a matattakala. A nan nake tsallen igiya, a nan nake cin abinci, na karɓe duk wani aike da zai kai mutum sama. Ni da ake kira sau dubu kafin in ɗaga cokali na zama yarinyar kirki, har Mama ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Wata rana da la’asar ta aike ni kasuwa sayen tumatir. Da na dawo ba ta cikin gida. Na ɗaga kai sai na hango takalmanta a jere a ƙofar Don Lalo. Ledar ta suɓuce, tumatir suka gangara har ƙasa. Na banka ƙofar ina ihun kada ya wanke, ihun da na tabbata an ji shi har tsallaken kogi a unguwar Whitechapel. Mama tana zaune da waya a hannu, fuskarta jiƙe da hawaye. “Ke, lafiyarki? Babanki ne ya kira, suna Kano da Hajiya. Na zo in gaya wa Baban Sama.” Sai ta dubi hannuna. “Ina tumatir ɗina?”

Baba ya dawo a rame, bai taɓa faɗin abin da suka gani a hanya ba, kuma har yau ba ya zama ya ba ƙofa baya. Yanzu shekarata sha shida, wayata maƙil take da hotunansa yana barci baki buɗe. Don Lalo ya koma wurin ’yarsa, ya bar mini faifan hoton Baba a rufe cikin ɗan akwatinsa na katako. Baba yana zuwa Kano har yanzu, kafin kowace tafiya kuma yana hawa sama neman gafara, sabbin maƙwabtan su ce ba komai su rufe ƙofa, babu wanda ke tsorata dominsa. Tsohon ya ce hoton da ba a wanke ba yana dusashewa da kansa a hankali. Allah ya sa ya gama dusashewa ba mu neme shi ba.