Tsohon da ke Sauraron Kaset ɗin Likita

A barandar wani asibiti a Talata Mafara, wani tsoho na tsugune daf da ƙofar ɗakin tiyata. Ƙafafunsa duk faso, laka ta bushe a kansu, amma farin rawaninsa sabo ne fil. Ina jin yana cikin manoman da dam ɗin Bakolori ya cinye wa gona. Ɗansa Jatau ne a ciki, katafila ta taka shi wurin aiki.

Kiɗan garaya ke fitowa daga ɗakin. Wata nas ta ce mini likitan ba ya yanka sai da kaset, wai hannunsa ya fi tsayawa, ko da yake sai an yi masa magana sau biyu yake ji.

Da ya ga na ɓata fuska, tsohon ya dube ni ya ce, "Ƙyale su, ɗana. Ba a kiɗa bisa gawa. In dai ana kiɗa, Jatau na da rai."

Sai kiɗan ya yanke. Wataƙila kaset ne ya ƙare. Ba wanda ya leƙo. Tsohon ya miƙe, ya warware rawaninsa, yana auna shi da kamu ko zai isa likkafani.