Sandar Buɗe Tagogi

An gina wa asibitin unguwarmu sabon ɗakin jira wanda babu tagar da ke buɗuwa a jikinsa, kuma a cikinsa yayata ta kwashi tarin tibi.

Shekara goma sha tara tana shara a asibitin nan. A tsohon gini, tagogin suna can sama dab da rufi, suna kallon juna. Kullum da safe, kafin ta taɓa tsintsiya, sai ta ɗauki doguwar sandarta mai ƙugiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɓallewa. Iska ta shigo ta nan, ta fice ta can. Shi ya sa ma'aikata ke ce mata Mai Ƙugiya. Ba fanka, ba janareto, kuma ba mai jiƙewa da gumi a kan benci.

Sai aka rushe tsohon ginin, aka kafa na gilashi, a liƙe ruf, wai na'urar sanyi za ta wadatar. Wata biyu na'urar ta yi tana aiki. Man janareto ya gagari asibiti, na'ura ta yi shiru. Mutum tamanin a ɗaki guda, mai tari yana yi wa mai jego tari a ƙeya.

Yaya ta samo bulo ta tokare ƙofa. Shugaban ma'aikata ya gani.

"Iya, wannan bulon fa? Kina ɓata mana tsari."

"Ranka ya daɗe, tsarin naku ba ya numfashi."

"Ai sanyi zai fita."

"Wane sanyin? In kun haɗu ka gaishe min da shi."

Aka ɗauke bulon. Kafin shekara ta zagayo, ita da nas ɗaya da mai yanka kati duk sun kwanta. Wata shida na magani. Asibitin ne ya ba da maganin, shi ya ɗauko masu riƙon aikinsu ya biya, ga gyaran na'urar da ba ya ƙarewa. Ni kuma na riƙa rufe shagon ɗinkina ina raka ta ganin likita. Duk macen da ta taɓa yin cefane ta san wannan asara ce. Iskar da Allah ya ba mu kyauta aka toshe, aka koma saye.

Yanzu ta warke, Litinin za ta koma. Na ce ta haƙura da aikin.

"Ke dai ji da kekenki," in ji ta. "In na bari, wa zai tokare musu ƙofa?"

Ta jawo sandar daga bayan gado tana kankare tsatsar ƙugiyar.

To, ku da kuka sa hannu a kan zanen ginin nan, da ku nake. Ba na son ta'aziyya, ba na son kwamiti. Ku kira magini ya fasa bango, a sa tagogi a sama, masu buɗuwa, masu kallon juna. Sanda tana nan, mai ita tana nan. Ku ba ta abin da za ta buɗe kafin huhunta ya sake shiga ɗakin nan.