Zaren da Aka Ɗaure Mini a Wuya

Ina sunkuye kan turmi a gidanmu na Zango, lokacin hutun lakwal, makarantarmu ta boko, sai na ji kamar an sauke mini taɓarya a ƙeya. Na waiga, ba kowa. Amai ya biyo baya, wuyana ya ƙage, kafin la'asar fatar idona na hagu ta faɗi ta ƙi ɗaguwa. Har yau in na ji ana daka sai na dafa ƙeyata.

Inna ta kira wanzami ya kafa mini ƙaho. Yana ganin idon ya tattara kayansa, ya ce wannan ba jinin da ƙaho ke ja ba ne.

A gidan likita, wani Nasara likitan soja ya soka mini allura a gadon baya. Ruwan da ya kamata ya fito garau ya fito ja. Da Faransanci ya gaya mini, don kada Inna ta ji: wata jijiya a cikin kaina ta kumbura ta tsage, in ta sake ba lalle in tashi ba. Dabararsa ɗaya ce, ya ɗaure babbar jijiyar wuyana ta hagu da zare don ƙarfin jini ya ragu. Zai kashe wurin da allura, a yi ina farke, kuma kada in daina magana. In harshena ya mutu, jini ne ya yanke wa ƙwaƙwalwa, dole ya kwance zaren a mai da ni gida in zauna jira.

Abin da likita bai sani ba, ma'aikacin da ke riƙe da hannuna ranar aikin mahaifin wanda zan aura ne. Tun da aka kai goro ban ƙara buɗe baki a gabansa ba. Zare ya matse, likita ya ce in yi magana. Maganar tana bakina, kunya ta danne ta. Ya sake faɗa, muryarsa ta canja. Na ji ya nemi almakashi.

Tsohon ya sunkuyo daidai kunnena. "'Yata, yau ba suruki a ɗakin nan. Gaya mini yadda kike fura, in ji ko ɗana zai sha wuya."

Na fara tun daga surfe, har na kai kan nono. Tsohon ya ce citta ta yi kaɗan, na ce masa ba ta yi ba. Aka bar zaren a inda yake.

Na daɗe kwance a ɗaki mai duhu, ko atishawa tsoro take ba ni. Wani hantsi likita ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya saki, ta tsaya da kanta. Ya ce in fassara wa Inna: haɗarin ya wuce.