Shiomi Mai Shinshinar Littafi

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na kofi da shagon Shiomi Tokuji, a layin masu tsofaffin littattafai na unguwar Kanda. Tun da muke maƙwabtaka ban taɓa miƙa masa kofi ya kurɓa bai shinshina ba. Ba wai yana zaton zan zuba masa guba ba ne, ko da yake ban isa in rantse a kan haka ba. Hancin ne ya saba karɓar kaya kafin hannu.

Sana'arsa tsofaffin manga ce, wato littattafan labarai masu zane-zane, irin waɗanda ake ba yara haya bayan yaƙin duniya na biyu, masu takarda mai arha. Idan ka kawo masa littafi sai ya sa farar safar hannu, ya ɗaga shi wajen fitila, ya shinshina tsakiya, sannan ya tsare ka da ido. Kallon nan ya fi binciken daɗewa. Daraja uku ce a wurinsa: "da dama", "shara", sai kuma "wa ya aiko ka?" Littafin da ya zo tsaf, ba yagewa ba tabon yatsa, shi ke samun ta ukun. Cewa yake abin da ya ratsa hannun yaran unguwa ba ya fitowa da tsabta, sai dai in sabon bugu ne aka jiƙa da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho.

Bai taɓa aure ba. An taɓa haɗa shi da wata mata mai hankali, ta ce masa ita ma tana son manga, don dai hira ta yi daɗi. Washegari ya canja kwaɗon shago. Ni kaina ranar da na yi kuskuren share masa ƙofar shago, fitowa ya yi ya tambaye ni me nake nema. Haushi ya sa na yi mako ban gaishe shi ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba haka aka haife shi ba. Iyayensa shagon hayar littattafai gare su a unguwar Fukagawa, kuma kowane littafi da jan hatimin shagon a bangon ciki. Da talabijin ta shigo gidaje yara suka daina zuwa, uban ya sayar da kayan duka wa masu narka takarda. Uwar ba ta jima ba ta rasu, gidan kuma aka rushe. Ko cokalinta bai rage wa Shiomi ba. Abin da ya shigo da shi sana'ar ke nan: neman littafi ɗaya tak da ya tsira daga shagon. Yana saurayi wani ya ji labari, ya sassaƙa hatimin ƙarya, ya buga a littafi ya sayar masa. Shiomi ya ajiye shi a wurin da yake ƙona wa marigayan iyayensa turare, yana rusuna masa kowace safiya, har ranar da mutumin ya bugu ya ba da labarin a gaban dillalai ana ta dariya. Daga nan ya daina yarda da kowa.

Wanda ya fi zargi shi ne Hagiwara, dillalin da ke tsallaken titi, sa'ansa. A kasuwar dillalai kowa rubuta tayinsa yake a 'yar takarda ya jefa a ambulan, kuma duk lokacin da Hagiwara ya yi nasara, Shiomi sai ya ce leƙen ambulan ya yi. Hagiwara kuwa mutum ne mai ƙiba da son barkwanci, dariya kawai yake.

A kakar da ciwo ya kama Hagiwara, ya yanke shawarar rufe shago ya koma wurin 'yarsa a garin Sendai. Wata safiya ya shigo wurina da ƙunshi a ɗankwali, don Shiomi ba ya barin sa ya taka shagonsa. Ya ajiye a gaban Shiomi da ke shan kofi.

"Ga shi, tsohon banza. A rumbun wani gida na tsinto shi. Buɗe bangon ciki."

Shiomi ya buɗe. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Hatimin ne, ɓaro-ɓaro.

"Nawa?"

"Kyauta."

"Kyauta? Kai?" Ya ture littafin. "Wa ya sassaƙa maka?"

"Kai dai ba ka da magani," in ji Hagiwara. "Ina fama da numfashi, sai in zauna sassaƙa don in yaudari busasshen kifi irinka? Sumie-san, ki shaida, na ba shi."

Na ce na shaida. Shiomi ya juyo ya dube ni, na san nan take na shiga cikin waɗanda ake tuhuma.

Ya dai tafi da littafin, ba godiya. Ya auna hatimin, ya yi daidai. Tawadar ta tsufa yadda ya kamata. Warin ma daidai, har da tabon miyar waken soya a wani shafi. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai abin ya ƙara dagule masa, wai ƙaryar da ta ƙware ita ce ba ta barin kuskure. Ya daina cin abincin kirki. Hagiwara ya tafi Sendai, Shiomi yana leƙen motar kayan ta bayan labule, bai fito ba. Tausayi ya ba ni, ya kuma ba ni haushi, ban san wanne ya fi yawa ba.

"Haba Shiomi-san," na ce masa. "Abin da ka ƙare rayuwarka kana nema ya zo har hannunka. Ka karɓa mana!"

"Na taɓa karɓa," ya ce. Ya rage murya kamar akwai mai saurare a ƙarƙashin tebur. "Akwai abin da ba wanda ya sani. Littafin haya ba ya jure hannun yara, sai an sake ɗinke shi. Mahaifiyata ce ke ɗinkin, da shuɗin zaren da take warwarowa daga tsohuwar rigarta. Ƙullinta kuma biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Sai ta manna takarda a gadon bayan littafin ta rufe."

"To ai a rufe yake."

"Sai a buɗe."

"Da wuƙa? Kai da kake kusan marin wanda ya lanƙwasa shafi? Zaren nan ya girmi rabin mutanen layin nan. In ka taɓa shi ba zai kai labari ba."

"Me ya sa ba kya so in duba?" ya ce, yana ƙanƙance ido. "Me Hagiwara ya gaya miki?"

Na tashi na bar masa teburin.

Amma washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa bango, abin da bai taɓa yi ba. Na shiga na same shi da safar hannu da siririyar wuƙa, littafin na kwance a kan farin ƙyalle. Shaida yake so. Ya zura bakin wuƙar a ƙarƙashin takardar, ya bi a hankali, tsohon mannin yana ƙara ƙas-ƙas. Takardar ta ɗago.

Zaren shuɗi ne. A ƙasa ga ƙulli biyu, ɗaya kan ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

Mun gan su tare, da idona na gani. Sai dai zaren ya riga ya manne da takardar, kuma ɗagowar nan ta ja shi. Ya tsinke a sama, ya tsinke a tsakiya, shafukan suka zame suka baje a kan ƙyallen. Shiomi ya sa ɗan hantsaki zai ɗauki ƙullin, yana taɓawa ya marmashe.

"Nata ne," ya ce. "Sumie-san, nata ne."

Ya sunkuya a kan ɗan shuɗin garin da ya rage, ya kare shi da tafukansa biyu, yana tsoron ko numfashi ya yi. Ba tare da ya ɗago ba ya ce don Allah in rufe ƙofa, iska na shigowa. Na rufe.