Illa da Malam Gobe

Faifan wasan ƙwallo na je saya a unguwar Tianhe, cikin birnin Guangzhou na ƙasar 'yan Canis. Na tsaya ina yi wa ɗan Canis kwatance da ƙafa, ina harbin iska, har takalmina ya fice ya daki kantar maƙwabcinsa. Ya yi dariya ya miƙo mini faifai. Da aka saka a gidan abincin Balkissa a unguwar Xiaobei, ba ƙwallo ba dalilinta. Wasu Turawan Sikotland ne a cikin ruwan sama, suna gajerun wasannin barkwanci da wani irin Turanci da ko abokinmu Abdulƙadir mai digiri bai tsinci komai a ciki ba. Aka sha ni da tsiya, aka jefa faifan kan firij.

Illa ne ya ɗauko shi.

Illa mutumin Maradi ne. Ya zo Guangzhou saro atamfa, harka ta lalace, biza ta mutu a hannunsa, ya koma wanke-wanke wurin Balkissa. Gidan abincin ba shi da lasisi, ɗaki ne kawai can saman bene. Da Olamfik ta matso, 'yan sanda suka fara tare baƙar fata a titi suna neman fasfo. Illa ya daina sauka ƙasa. Ko Juma'a a kicin yake sallarsa, tsakanin buhunan shinkafa.

A zaman nan ya haddace faifan. Sai ya kashe sautin, ya ara wa Turawan bakinsa. Akwai wani tsoho da kullum zai sa kwat, ya ɗauki lema, ya isa bakin ƙofa, ya leƙa ruwan sama, ya koma ya zauna. Illa ya raɗa masa Malam Gobe, tunda kullum fitarsa sai gobe. Matarsa ta zama Habsatou mai masifa, da harshen Maradi tsantsa. Bayan la'asar ɗakin kan cika da 'yan kasuwar Kwari da 'yan Yamai, kowa da farantinsa a cinya.

Dariyar ce matsala. Maƙwabta sun taɓa kai ƙara saboda hayaniya. Balkissa ta fito da ludayi a hannu.

"Alhazai, ku kuna da takardu, yaron nan ba shi da su. In aka buga ƙofar nan shi za a ɗauka. Mai dariya ya cusa hularsa a baki."

Haka muka koma yi. Manyan mutane da jikoki, kowa ya ciji hula, kafaɗu na rawa, hawaye na zuba. Balkissa ta ce wa Illa ya bari gaba ɗaya, ya ce, "Hajiya, in na bari wa zai ƙara yi mini magana in ba tukunya ba?"

Ranar da abin ya faru, Malam Gobe ya isa ƙofa kamar kullum. Da ya leƙa, Illa ya sa shi ya ce, "Habsatou, wannan ba ruwa ba ne, 'yan sanda ne ke zubowa daga sama." Hula ta kasa riƙewa. Ɗakin ya fashe.

Ba a daɗe ba aka buga ƙofa. Muka fito da fasfo ɗaya bayan ɗaya, aka duba aka miƙo mana. Illa aka zaƙulo daga bayan buhuna, hannunsa da kumfar sabulu. Aka rufe gidan abincin. Shi kuwa ya yi watanni a tsare kafin a sa shi a jirgi, mahaifiyarsa ta rasu yana ciki.

Bara na gan shi a tashar Maradi yana ɗaura kaya a kan mota. Ya rame, haƙoran gaba babu. Bakina da ba ya zama lafiya, na ce, "A'a, Malam Gobe! Ashe dai an fita!"

Bai saki igiyar ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"An fita, Alhaji, da ankwa. Duk wanda ya yi dariya ran nan bizarsa da rai. Na san muryar kowa, kuma taka ce ta fi ƙarfi. Matsa, kana taka mini igiya."