Kwalbar da Ta Tafasa a Hannun Altine

Duk wanda ya san kasuwar Gwarzo ya san Malam Dalhatu mai gyaran fitila. Gajere ne, ga saurin fushi, yatsunsa duk tabon yankan gilashi. Yana saurayi ya shekara tara yana goge kaya a kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a birnin Kano, ya dawo gida ya kafa tebur: fitilar ƙwai, filas ɗin shayi, madubi, duk abin da ke fashewa nasa ne. Da fitilar caji ta zo sana'ar ta mutu murus, amma mutumin nan ya ƙi tashi. Yana nan kusa da Altine mai fura da nono, wadda ta shekara ashirin tana durƙusawa ta miƙo masa kofi da hannu biyu.

Wata Talata da tsakar rana, sai ga Zinnira, 'yar Altine, ta sauko daga acaɓa ko mayafi bai zauna mata ba.

"Baba Dalhatu, ka zo gidanmu a Kutama. Za su kori Innata, wai mayya ce!"

A hanya ta ba shi labari. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, ita da uwarta suna zaune a gidan kakanta na wajen uba, Baba Ja'afaru, tsohon direban babbar mota. Shi ma ya rasu makon jiya. Da aka buɗe adakarsa aka tarar da wata kwalba: ƙwallo biyu na gilashi, sama da ƙasa, siririn wuya a murɗe tsakaninsu, da jan ruwa kwance a ƙasa. Maza suka yi ta juya ta, ruwan ko motsi. Ana miƙa wa Altine, ruwan ya haura sama da gudu yana tafarfasa. Nan wani ya ce ai ajiyar tsoho ce ta gane mayu. Ga shi 'yar Hambali, babban ɗan marigayin, ta yi sati uku tana zazzaɓi. Shi ke nan, magana ta zauna. Hambali ya ce kafin magariba Altine ta bar gidan. Kuma kowa ya sani, in sunan nan ya manne wa uwa, ya manne wa 'ya, don an ce a nono ake sha.

Dalhatu ya ja tsaki. Ya san kwalbar sarai, Kwaran nan ya sayar da irinta a kwali-kwali.

Sun iso ana kiran azahar. Ya yi alwala da ruwan randa, ya bi jam'i, sannan ya shiga tsakar gida. Mutane cike, har kan katanga. Altine na rakuɓe a gindin rumbu da ƙullin kayanta, babu wanda ya matsa kusa da ita. Kwalbar kuwa an ɗora ta a kan turmin da aka kife.

"Wannan ce ta hana ku barci?" in ji Dalhatu. "Kayan wasan yara ne! Ruwan da ke cikinta ba ya son ɗumi. Da ya ji zafin hannu sai ya gudu sama. A hannun kowa haka yake yi."

"Mu takwas muka riƙe ta," in ji Hambali. "Me ya sa ba ta yi ba?"

"To ku buɗe ido."

Ya ɗauka, ya dunƙule ƙwallon ƙasa a tafinsa. Ruwan bai motsa ba. Ya ƙara matsewa, ya jira. Wallahi ko gezau.

"Kun gani!" Wani ya faɗa daga kan katanga. Hayaniya ta tashi. Wata tsohuwa ta fara tofa addu'a wajen Altine, wani matashi ya sunkuya ya ɗauki hoge. Dalhatu ya zo ceton baiwar Allah, ga shi da hannunsa ya ƙara ɗaure ta. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya kai hannu ya share gumin goshinsa, sai ya ji tafin sanyi ƙalau. Ruwan randa! Ga tsufa kuma, jini ya ja baya.

"Ku dakata!" Ya daka tsawa. "Hambali, nuna mini yadda ka riƙe ta."

Hambali ya miƙo yatsu biyu ya tsinci wuyan kwalbar, yana nesa da ita da jikinsa.

"Haka duk kuka yi?"

Suka ce haka.

"Altine, ke fa?"

"Yaya Hambali ne ya miƙo mini, Malam. Yaya zan karɓi abu daga hannun babba da yatsu? Na durƙusa na tara hannu biyu."

"Daga ina kika fito a lokacin?"

"Daga bakin murhu. Ina tuƙa tuwon 'yan zaman makoki."

Ran Dalhatu ya ɓaci. "Kun ji? Tuwonku take tuƙawa! Hambali, tara hannu biyu yadda ta yi."

"Ni ba zan—"

"In ka tabbata, tsoron me kake?"

Idon jama'a ya koma kan Hambali. Ba yadda ya iya, ya tara. Tun safe yake zirga-zirga cikin rana yana faɗa, hannun nan zafi zau. Kafin a ƙirga biyar jan ruwan ya haura wuya, ya cika ƙwallon sama, yana ɓulɓula fiye da na Altine. Saura kaɗan ya yar da ita. Liman ya matso ya ce a ba shi, shi ma ta tafasa a hannunsa. Matashin nan ya saki hogensa a hankali.

"Hambali, ka kai 'yarka asibiti," in ji Dalhatu, "kafin kwalba ta ce kai ne mayen."

Altine ba ta bar gidan ba. Amma magana in ta fita ba ta komawa duka, ranar kasuwa wasu suka riƙa kauce wa ƙwaryarta. Saboda haka Dalhatu ya roƙi kwalbar, aka ba shi da murna. Yau tana kan teburinsa, tsakanin matattun fitilu. Duk wanda ya gitta, alhaji ne ko ɗan dako, sai ya tsare shi ya ce ya tara hannu biyu. Ya ce ba zai daina ba sai ta tafasa a hannun kowa a Gwarzo.

Mutum ɗaya ce bai taɓa ce wa ta riƙe ba. Altine na nan gefensa tana dama fura. Har yanzu takan durƙusa in za ta ba shi kofi. Amma in shi ya miƙa mata wani abu, ko goro ne, sai ta tsaya ta dube shi tukuna, sannan ta karɓa da yatsu biyu.