Fizar Ramlatu da Kurciyar Kaka

A unguwar Ulaisha ta birnin Riyad na tashi, a wani tsohon bene da muke haya tare da iyalan ƙanin babana. Idan sanyin Riyad ya shigo, Kaka takan hura gawayi a kasko a saman rufi bayan magariba, ta ɗora shayi, mu kuma mu kewaye ta. Ni ce mai zama a gefen damanta, kuma kowa ya san wurina ne.

Ramlatu, 'yar ƙanin babana, sa'ata ce. Mahaifinta direba ne a gidan kafilinsa, wato Balaraben da ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Duk Alhamis yakan kai yaran gidan malahi, filin wasan nan mai lilo da jirgin ƙasa na yara, wani lokaci a tafi da ita. A ciki akwai gidan abinci irin na Italiyawan Amurka. Idan ta dawo ba ma shan iska: teburi mai jan kyalle, taliya da farar miya, fiza mai cukun da ake ja yana miƙewa. Nakan yi kamar ban ji ba, alhali ko kalma ɗaya ba ta wuce ni.

Wata rana ta hau rufin da kwali a hannu.

"Kaka, ga naki na rage miki."

Kaka ta ɗumama yankan a bakin kasko, ta gutsura, ta lumshe ido. "Allah ya yi miki albarka. Zo nan kusa da ni." Ta gusa, Ramlatu ta shige tsakaninmu. Da aka miƙo mini loma na ce ba na jin yunwa. Na juya ina kallon tankin ruwa.

Kaka ba ta lallashe ni ba. Sai ta gyara mayafi ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?"

Wai zabuwa ce ke zuwa biki hayin kogi, ta dawo tana ba kurciya labarin abinci, har kurciya ta daina cin geronta, ta rame. Rannan zabuwa ta tafi da ita. Aka ajiye wa kowacce akushinta cike. Kurciya ta kai baki ke nan sai ta ce bari ta ga ko na zabuwa ya fi yawa. Ta leƙa, ta dawo, ta sake leƙawa. Tana cikin haka aka tashi biki aka kwashe akusa.

Na tambaya, "To abincin ba daɗi ne?"

"Da daɗi mana, Hadiza. Ita ce dai ba ta ɗanɗana ba."

Na yi kwanaki ba na kula Ramlatu. Bayan 'yan shekaru aikin babanta ya ƙare suka koma Zinder, Kaka kuma ta rasu.

Bara na kai yarana irin gidan abincin nan na malahi. Gaskiya ya dace da iyali. Akwai kujerar jarirai, ana ba yara takarda da alƙaluman zane, fiza ɗaya ta ishi mutum uku, sai dai layi da hayaniya idan aka bari yamma ta yi. Yarana suka ci suka ƙoshi suka ruga wajen lilo. Ni kuwa ina ta juya faranti ina neman hoton da zan tura wa Ramlatu. Amsarta ba ta jima ba: "Ma sha Allah. Kai, mun ci wannan har mun gaji."

Na ajiye wayar, zuciyata na suya kamar ina 'yar shekara tara. A da na ɗauka Kaka haƙuri take koya mini da abin da ban samu ba. A teburin nan na gane ranar samu take jiye mini. Na ɗauki yankana, ya riga ya huce, cukun ya daskare. Haka na ci shi.